Babur Ɗin da Ka Bari a Zaure

Gwandu,
Ranar Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga Dikko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Kalgo lafiya, ka kuma tarar ɗakin da aka yi maka alkawari ba ya yoyo. Allah ya tsare ka a hanya da wurin aiki, ya haɗa ka da abokan zama masu tsoronsa, ya sa hannunka ya zama sanadin lafiyar 'ya'yan mutane. Innarku tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko ka buɗe ƙullin yajin da ta tura maka a ƙasan jaka. Na ce mata wannan takarda ba ta yaji ba ce, ta kira ka a waya ta ji da kunnenta.

Babu wani sabon labari a gida, don haka ba zan cika maka takarda da shi ba. Maganar babur ce ta sa na zauna rubutu. Ka tafi ka bar shi a zaure da makulli a jiki, alhali kai aka ɗora wa kai allurar rigakafi ƙauyukan Diggi da Dangoma, ga damina ta kawo kai. Na ji abin da ka faɗa wa Innarku a madafa, domin katangar nan ba ta iya riƙe magana. Cewa ka yi, "Inna, ba ni tahiya da babur ɗin da ko noti ba a yarda in kwance ba. In ya lalace can, Baba na biyo ni da sifana hal Kalgo. Gara in dinga hawan kabu-kabu." Na so in ji haushi, sai dariya ta riga shi zuwa, don a lokacin da kake faɗin haka sifanar tana cikin aljihuna.

Ɗan kabu-kabu ba zai tsaya maka a bakin rafi yana jiran ka gama ɗiga wa yara magani ba, ƙanƙarar da ke cikin akwatinka ma ba za ta jira ka sami wani ba. Shi ya sa na ɗora babur ɗin a motar Kawunka Ladan, mai kai gero kasuwarku. Shi zai miƙa maka wannan takarda. Ko ka sauke shi ko ka ce a dawo mini da abina, kai za ka yanke. Abin da nake roƙo kawai shi ne ka karanta har ƙarshe kafin ka ba Kawu amsa, ka kuma saya masa shayi, don ka san shi da mita in ana tsayar da shi.

Na san ka san cikin wannan inji, shekara da shekaru kana tsaye a bayana kana leƙe. Duk da haka ka bar tsoho ya faɗi nasa. Tun ranar da na saye shi a gwanjon ma'aikatar gona na gane ba irin na kowa ba ne. Na 'yan kabu-kabu in bawul, wato ƙofar shigar mai ko fitar hayaƙi, ya matse, bakanike ya sassauta noti ya murɗa sukuru, kafin ka shanye ruwan leda an gama. Namu ba shi da abin murɗawa. A kan kowane bawul akwai ɗan kofin ƙarfe a kife, a cikin kofin akwai shim, ɗan faifan ƙarfe da bai wuce ƙwayar magani ba. Kaurin shim ɗin nan shi ke yanke ratar da ke tsakanin bawul da kam, wato sandar da ke juyawa tana danna shi. In ratar ta ɓaci, sai dai a ɗaga kam, a ciro shim, a sa wani mai kauri dabam. Kanikawan Kalgo sun iya aikinsu, amma ba kullum suke ganin irinsa ba, kada ka tsaya musu a kai suna neman sukurun da babu shi.

Wautata ta farko gaggawa ce. Na dawo daga Masama wajen duba gonakin dawa, rana tsaka, injin yana huci. Ko riga ban tuɓe ba na kwance murfin kan inji, na zura fila, wato siraran wuƙaƙen nan na awo da ke haɗe kamar mafici. Yatsuna sun ƙone, na yi ta yarfe hannu ina ci gaba, don a ganina namiji ba ya fasa aiki saboda zafi. Abin da na auna na ɗauka, na canja shim har biyu a kansa. Da safe babur ya ƙi ni. Na tura shi har gidan Yohanna, mutumin Zuru da muka yi aikin gona tare, shi ma irinsa gare shi. Ya saurare ni yana goge baki da asawaki, sannan ya ce, "Malam Umaru, kai in ƙafarka ta kumbura, ranar kake zuwa a auna maka takalmi?" Ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake yi, duk abin da ka auna a lokacin ƙarya ce. Saboda haka ka bar injin ya kwana. Ka yi aikinka da safe bayan ka karya, ka taɓa kan injin da bayan hannu ka ji shi sanyi ƙalau. Haka nan in wani a asibitinku ya ɓata maka rai, kada ka rubuta rahoto a kansa a ranar. Na taɓa yin irin wannan ma, sai da na bi takardar har ofis na roƙi a ba ni ita.

Ta biyu ta fi ta farko ban kunya, kuma Shehu Tela ne ya ja mini. Ka san injin nan in yana da lafiya yakan yi ɗan ƙas-ƙas-ƙas a hankali. To duk ranar da na tsaya a majalisarmu ta bakin mai shayi, sai Shehu ya kama kunne ya ce, "Jama'a ku saurara! Malam, wanga keken ɗinkina ne ka ɗora ma taya? Tun jiya nike nemanai." Majalisa ta kwashe da dariya. Yau haka, gobe haka. A garin nan kuwa ka san yadda muke, babur mai shiru shi ne babur ɗin mutumin kirki, mai ƙara na wanda ya kasa ne. Raina ya sosu. Na je gida na sa wa bawul huɗun nan shim masu kauri har ratar ta kusa rufewa. Da na tayar, Dikko, sai ka sa kunne kafin ka san yana aiki. Na zagaya ta gaban shagon Shehu sau biyu ba tare da ina da abin yi a layin ba.

Daɗin bai daɗe ba. Da farko sai ya zama da safe ina buga kik har gumi ya karyo mini kafin ya kama. Na ɗora laifin a kan fulogi, na canja. Na ɗora a kan mai, na yi wa mai sayar da mai faɗa a banza. Sai ranar sunan ɗiyar Gwaggonka Hajo a Masama. Na goya Innarku, ta sha sabon leshi, ta rungume langar masa a cinya. Muna shiga yashin nan na bayan gari babur ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Na buga, na buga, na buga. Innarku ta sauka ta sami gindin dogon yaro ta zauna, ta buɗe langa ta ɗauki masa ɗaya ta fara ci a natse. Can ta dube ni ta ce, "To Malam, ai ga shirun da kaka nema ka samu, hal da ƙari." Da ƙafa muka ƙarasa, ni da turi, ita da langa a ka. Mun isa an riga an watse, masa kuma ta ragu sosai. Da aka buɗe injin, bakin bawul ɗaya na hayaƙi ya cinye kamar ɓera ya gaigaye shi.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Bawul yana buƙatar ya zauna daram a mazauninsa, ta nan yake sauke zafinsa. In babu rata ba ya rufuwa sosai, sai wuta ta dinga lasar gefensa. Kuma irin wannan inji, da kansa ratar take raguwa in ya sha tafiya, ba ƙaruwa take yi ba. Don haka in ka ji ƙas-ƙas ɗin nan ka gode wa Allah. Ranar da ka ji ya yi tsit, ga wuyar tashi da safe, ranar za ka nemi fila. Duk wanda ya yi maka ba'a a tashar Kalgo, ka yi dariya tare da shi ka wuce. Kai ma na lura ka ɗebo shirun nan a wurina, abu ya matse ka sai ka haɗiye. Can ba gida ba ne, ba wanda zai karanta fuskarka kamar Innarku. In an ɗora maka ƙauyukan da suka fi ƙarfin mutum ɗaya, ka buɗe baki ka gaya wa shugabanka da ladabi tun da wuri.

Ta uku kana makaranta aka yi ta, kuma na san labarin da aka ba ka an ƙara masa gishiri, don haka ga gaskiyarsa. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ciro kofuna huɗu da shim huɗu na jera su a kai, suna ta ƙyalli. Na juya in ɗauko tsumma. Ina waiwayowa sai na ga jan zakaran Innarku, wanda take kiwo don baƙin da za su zo daga Jega, ya miƙe wuya yana haɗiya. Na ƙirga shim, uku. Na sake ƙirgawa, uku dai. Muka haɗa ido da zakara. Ban taɓa ganin dabba marar kunya irinsa ba, har wani fiffike ya buga.

Na zagaya gidan nan da shi fiye da yadda ya dace da mai shekaruna. Innarku ta fito daga ɗaki tana cewa, "Mi yaf faru? Mi zakarana ya yi maka?" Na ce ya haɗiye mini shim. Ta ce, "To sai ka jira shi fito da shi ta inda kowa ka fitarwa." Na ɗaure shi a turmi na zauna gadi, wuni guda ina tonon kashin kaza da tsinke, ni da aka sani da malamin gona. Bai fito ba. A ƙarshe dai wuƙa ta raba mu, aka tsaga ƙundu, ga shim ɗina kwance cikin tsakuwa ko ƙwarzane babu. Baƙin Jega wake suka ci. Ni kuwa na ci cinya biyu, amma sai da na sayo wa Innarku zakaru biyu kafin ta daina kiran babur ɗin Maci-kaji.

Saboda haka kada ka yi wannan aiki a fili. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Ka nemi kiret ɗin ƙwai, kowane bawul da raminsa, kofinsa da shim ɗinsa tare, kada su cakuɗe, domin kowane kofi ya saba da gurbinsa. Kafin ka ɗaga komai ka toshe ramin da sarƙar taimin take bi da tsumma mai tsabta. Shim in ya suɓuce nan yake nufa, kuma cikin inji ya fi cikin zakara wuyar tsagawa. Ka ɗaure sarƙar da waya kada ta zurma. Ka ɗiga fenti a kan sarƙa da haƙorin kam, yadda za ka mayar da su inda ka same su. Da maganaɗisu za ka ɗago kofin, shim yakan biyo shi a manne a ciki, ka duba kafin ka juya hannu.

Awon kansa ba shi da wuya. Ka juya inji da hannu har alamar da ke nuna fistin ya kai sama ta zo daidai a tagar gefe, tozon kam duka suna kallon waje, ba wanda ke danna bawul. Ka zura fila. Wadda ta shige da ɗan ja-ja, ba ta zurma salalau ba, ba kuma sai ka tura da ƙarfi ba, ita ce ratarka. Ratar da ake so na rubuta da farin fenti a ƙarƙashin kujera, ta masu hayaƙi ta fi ta masu shan mai faɗi. Wajen lissafi ne na taɓa yin baya-baya, rata ta yi kaɗan na je na ƙara kauri, na mayar da komai na ɗaure, na sake aunawa fila ta ƙi shiga ko kaɗan. Ka riƙe wannan: rata ta yi kaɗan, shim siriri kake nema. Rata ta yi yawa, mai kauri. Gwargwadon abin da ya ɓace a rata, shi za ka cire ko ka ƙara a kaurin shim. In na ciki mai lamba 270 ne kuma ratar ta gaza da biyar, 265 za ka sa. Lambar ta kalli ƙasa, kada gogayya ta share ta. In ta riga ta goge, ka auna da ma'auni, ban yarda da ido ba, ko nawa ko naka.

Wata rana za ka rasa lambar da kake so, kuma shaiɗan zai nuna maka dutsen wasa wuƙa. Ya nuna mini, na bi shi. Na zauna ina goga shim a dutsen Innarku har yatsana ya yi jini, na samu ya sirance, amma gefe ɗaya ya fi ɗaya, taurin bayansa kuma ya tafi. Bai yi wata ba ya lotse. Ka fara gwada musanya tsakanin bawul ɗin, sau da yawa na wannan shi ne daidai da wancan. In bai yiwu ba, Birnin Kebbi tana kusa da kai yanzu, ka je layin masu kayan babur da tsohon a hannunka. In ka gama ɗaurewa, notocin kam a hankali ake bi da su, wannan kaɗan, na ƙetarensa kaɗan, don ƙarfen wurin gorar ruwa ce mai laushi, ba ta son ƙarfi. Sannan ka juya inji da hannu zagaye biyu, ka sake auna duka kafin ƙafarka ta taɓa kik.

Saura ɗaya, kuma ita ce ta sa ka bar makulli a jiki. Bara, lokacin da ciwon baya ya kwantar da ni, kai ka buɗe injin ka auna bawul huɗun nan ina kwance a tabarma ina kallo. Ka toshe rami, ka ɗaure sarƙa, ka canja shim ɗaya, ba abin da ka manta. Ka juyo kana goge hannu ka ce, "Baba, an gama." Sai na lallaɓa na tashi da bayan nan nawa, na karɓi fila daga hannunka, na sake bin su ɗaya bayan ɗaya a gabanka. Duka huɗun daidai suke, har na hayaƙin hagu da ni kaina yake ba ni wahala. Abin da ya fito daga bakina shi ne "To." Na kuma karɓi sifana na ɗaure murfin da kaina. Ka wanke hannu ka fita, tun ranar ba ka sake taɓa shi ba.

Da yamma na dogara sanda na tafi majalisa, na hana kowa magana. Na ce musu yaron nan hannunsa ya fi nawa, na kwatanta musu yadda ka riƙe fila, har Shehu Tela ya ce, "Malam, mun ji, don Allah ka bari mu sha shayi." Kowa a bakin titin nan ya ji, kai kaɗai ne ba ka ji ba. Haka muka tashi a Gwandu, ɗan fari ba a yabonsa a ido, ba a jan sa a jiki, ko sunansa na yanka ba a kamawa. Ubana bai taɓa ce mini na iya komai ba, a bakin abokansa na tsinci labari bayan ya rasu. Na ɗauka kai ma za ka tsinta haka nan. Kunyar tana da kyau a wurinta, ban ce a yar da ita ba, amma ban ga amfanin ta sa ka taka yashin Diggi da akwati a kafaɗa ba. Don haka ga shi a rubuce, tunda baki ya ƙi: ka iya, ka fi ni natsuwa a kan aikin nan, kuma ranar nan daɗi ne ya cika ni har na rasa inda zan sa hannuna, shi ya sa na sa shi a kan fila. In Allah ya ba ka naka ɗan, ka ji kunyarsa yadda aka saba, amma in ya yi abin kirki ka nemi hanyar da zai ji daga gare ka.

Yanzu ga halin da babur yake ciki. Tun makon jiya ya fara nauyin tashi da safe, ƙas-ƙas ɗin ma ya ragu. Ka san abin da wannan ke nufi. Jiya na shiga zaure da niyyar in gyara maka shi tsaf kafin Kawu ya zo. Na ɗauko kayan aiki, na tsuguna, har na ɗora hannu a kan murfi. Sai na tashi na mayar da komai cikin jaka. Ban buɗe ba. Ban san wane bawul ne ya matse ba, ina da zato, amma ba zan faɗa maka ba. Jakar tana ɗaure a bayan kujera, da fila, da ma'auni, da gwangwanin shim ɗin da na tara tun kana goye. Ban rage ko ɗaya a gidan nan ba, Innarku ta caje ni ta tabbatar.

In ka sauke shi, ka bar shi ya kwana, ka buɗe da safe. In ka gama kada ka kira ni ka karanta mini lambobi, kada kuma ka kawo shi Gwandu in duba. Abin da ka auna shi ne daidai. Ka rufe, ka buga kik, ka ɗaura akwatinka ka tafi wurin yaran mutane. In kuwa ka ce Kawu ya dawo da shi, zai koma zaure ya zauna da matsattsen bawul ɗinsa, don ni na gama buɗe shi har abada. Babur ɗin bakanike ɗaya gare shi yanzu, kuma yana Kalgo.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya, da ruwan da ya fi ƙarfin taya, da direban da ba ya duba madubi. Ka sa hular kwano ko da nan da bakin kasuwa ne. In rafi ya cika ka jira ya sauka, kada ka gwada shi. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gai da Kawu, ka gai da mai gidan da ya ba ka ɗaki. Allah ya kai ka kowane ƙauye lafiya, ya dawo da kai ɗakinka lafiya, ya yi maka albarka duniya da lahira. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru Malamin Gona